Guntun Dogo a Cikin Akwatinki

Kakuri, Kaduna.

Zuwa ga 'yata Saratu, mai sunan mahaifiyata, Uwata ta kaina,

Ina gaishe ki gaisuwar uban da bai iya sallama da baki ba. Allah da ya raya ki har kika kawo yau, ya riƙe hannunki a hanya, ya sauke ki lafiya a ƙasar da babu wanda ya taɓa takawa a cikin zuriyarmu. Mamanki ta ce in rubuta miki kada ki yi wasa da rigar sanyi. Ta kuma ce abin da ke cikin gwangwanin madarar nan yaji ne ta daka miki, kada ki kuskura ki zuba a shayi. To, na isar da nata saƙon, saura nawa.

A aljihun akwatinki zan cusa takardar nan, don haka kafin ki karanta ta kin riga kin yi nisa. Da gangan na yi haka. Kin san halina, in murhun jirgi ne a gabana ba na ja da baya, amma in maganar zuci ce sai harshena ya yi nauyi kamar an ɗaura masa dutse.

Shekaranjiya muna cin tuwo a tsakar gida, kika ce in kin isa Ingila kin kama aikin jinyar, abu na farko da za ki nema shi ne ɗan kan jirgin wasa irin na tururi, wanda zai yi tafiya a kan siririn layin dogon wasan nan namu. Kika ce, "Baba, ka gaya mini irin wanda zan zaɓa. Ina so in kawo maka madadin wanda na fasa." Da dariya kika faɗa, kika ci gaba da cin tuwonki. Ni kuwa sai na ajiye lomar da ke hannuna. Shekara ashirin ke nan kina ɗauke da wannan "na fasa", kuma ni na ɗora miki ita. Ba zan bari ki haye teku da ita ba. Zan gaya miki irin jirgin da za ki zaɓa, tun da kin tambaya, amma dole in bi da ke ta hanyar da na bi na zaɓi nawa, ki ga inda na kauce.

Kin san aikina na fari, fayaman, mai zuba wa jirgi kwal. Ina saurayi na baro wajen Kafanchan na shiga loko, wato ma'aikatar kawunan jiragen ƙasa, aka haɗa ni da Malam Garba direba, mutumin Unguwar Sanusi, wanda kika sani da farin gemu da alewa a aljihu. Shekaru muka yi tare, shi a kan birki ni a kan shebur. Da jiragen dizal suka zo, sai aka jera namu na tururi a bayan loko, ciyawa ta fara tsirowa tsakanin ƙafafunsu. Aka mai da ni kan dizal, rigata ta daina baƙi, Mamanki ta huta da wanki, amma ni kullum na wuce ta bayan loko sai na kau da kai.

A cikin wannan yanayi ne wani Baturen masaƙa da zai koma gida ya yi gwanjon kayansa. Mamanki ta aike ni in samo mana kujeru. Na dawo da kwali a ka, cikinsa guntayen dogo, da tarago biyu, da ɗan akwatin wuta mai makunni wanda ake murɗawa jirgi ya tashi. Kan jirgin kuwa babu, ɗan Baturen ya ƙi rabuwa da shi. Mamanki ta leƙa kwalin, ta dube ni, ta ce, "Baban Saratu, na aike ka kujera, ka dawo mini da hanyar jirgi ba jirgi. A kanta baƙi za su zauna?" Har yau in ta ga dama sai ta tayar da maganar.

A kan tsohon ƙyauren kicin muka shimfiɗa dogon, ni da ke. Shekararki bakwai. Ke ce mai riƙe ƙusoshi a tafin hannu, kina miƙo mini ɗaya ɗaya, in na yi jinkiri ki ce, "Baba, fasinja suna jira." Ke kika yi tasha da kwalin sukari, kika rubuta mata Kafanchan da harufan da suka fi tashar girma. Ƙyauren bai da faɗi, saboda haka da muka zo haɗa zagayen sai kwanonin biyu suka matse, musamman ta ɓangaren da ke fuskantar taga. Ki riƙe wannan kwanar a ranki, za mu dawo kanta.

Kuskurena na farko a shagon Oga Emeka na yi shi, mai sayar da kayan gyaran mota a bakin kasuwa, wanda ke zuwa Legas saro kaya. Na roƙe shi ya nemo mini kan jirgi, ya dawo mini da wani ɗan littafi mai hotuna, ya ce in nuna. Guda biyu ne suka yi daidai da faɗin dogonmu. Ɗaya ɗan ƙarami ne, gajere, mai ƙafa shida, yana ɗauke da ruwansa a gefe da gefe, irin wanda ke jera taragai a cikin tasha, muna kiransa ɗan shantin. Ɗayan kuwa dogo ne, baƙi wuluk, manyan ƙafafu takwas a jere, yana jan taragon kwal ɗinsa a baya. Ko kallo na biyu ban yi wa ƙaramin ba, na ɗora yatsa a kan babban.

Emeka ya ce, "Abeg, Oga Faya, ka je ka auna ƙofar nan taka tukuna mana. Wannan jirgin akwai tsawo fa. Babbar mota ma ba kowane lungu take shiga ba."

Na ce, "Emeka, ni za ka koya wa jirgi? Kai tsaya kan fulogi da kabireta."

Ya ɗaga hannuwa sama ya ce, "Shi ke nan, kai ne oga."

An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Nawa idon ran nan bai san komai ba sai kwaɗayi. Gaskiyar magana ita ce, duk shekarun da na yi a jirgi a bayan direba na yi su. Shi ake ɗaga wa hannu a tasha, ni ina duƙe ina zuba wuta. Sai na ga ga dama ta zo in mallaki jirgi nawa na kaina, ba kuwa zan yarda a ce na fayaman ɗan shantin ne ba. Ba don dogonmu na zaɓa ba, ba don ke ba, don idon mutane na zaɓa.

To ke, Uwata, ƙaramin za ki nema. Mai ƙafa shida, ko ma huɗu, wanda ba ya jan taragon kwal. Gajeren jirgi ba ya faɗa da kwana, kuma in ya sauka daga kan dogo da yatsa biyu ake mai da shi. Za su nuna miki masu ƙyalli a cikin gilashi, wasu har hayaƙi suke fitarwa, ki yaba ki wuce. In kin sami na hannu wanda wani ya yi wasa da shi ya kula da shi, kada ki raina, wanda ya riga ya yi tafiya an san halinsa. Ki duba ƙugiyar da ke bayansa, irin ta taraganmu mai lanƙwasa ce kamar ta rataye riga. Wuta kuwa kada ta dame ki, an ce mini tasu irin tamu ce. Kuma in mai shagon ya ba ki shawara, ki saurara, ko da yaro ne ko mai shara. Haka ma a asibitin da za ki. Wanda bai kai ki karatu ba yana iya hango abin da ke gaban hancinki, kamar yadda mai sayar da fulogi ya hango wa fayaman.

Kuskure na biyu ya fi na farko, don shi da sanina na yi. Ranar Juma'a Emeka ya kawo jirgin. Kafin rana ta faɗi na gama gayyatar rabin layinmu, na ce kowa ya zo ranar Lahadi in an taso daga coci. Na hau keke har Unguwar Sanusi na gaya wa Malam Garba, na ce ya zo ya ga fayaman ɗinsa ya zama direba. Ranar Asabar da hantsi, ke da Mamanki kuka tafi kasuwa, na fito da shi daga kwali na ɗora a kan dogo, ina tura shi da hannu. A miƙe lafiya lau yake tafiya. Da ya iso kwanar taga sai na ji ya cije, ƙafafun gaba suka ɗaga suka hau kan ƙarfen. Na mai da shi baya na sake. Sau uku ina yi, sau uku yana hawa.

Ba sai an gaya mini dalili ba. A tashar kaya akwai wani layi mai matsattsiyar kwana a bayan sito, wanda aka hana manyan jirage shiga, ɗan shantin kaɗai ke bi. Tun ina sabon shiga Malam Garba ya nuna mini shi ya ce, "Bitrus, jirgi ba ya jayayya da dogo. In dogo ya ce a'a, ka tsaya." Ga dogo ya ce mini a'a har sau uku a cikin ɗakina. Abin da ya kamata shi ne in bi gida gida in ce a dakata, na yi kuskuren awo. Amma na tuna fuskar Emeka, na tuna yadda na cika baki, sai na ce wa kaina wataƙila in wuta ce ke jan shi a hankali zai wuce. Na mai da shi kwali na rufe.

Don haka in kin zaɓi naki, kada ki yarda da gwajin miƙaƙƙen layi, kowane jirgi gwani ne a miƙe. Ki ce a gwada miki shi a kwana. Ki kuma ce a tafiyar da shi sannu sannu, kamar mai shiga tasha, ki ga ko yana tafiya sumul ko yana tsalle yana tsayawa. Gudu yana ɓoye aibin inji. Kuma duk ranar da kika ga abu ba zai yiwu ba, a wurin aiki ne ko a maganar aure in lokacinta ya zo, ki faɗa tun ranar Asabar. Kunyar ranar Asabar ƙarama ce, mutum biyu uku ne za su yi miki dariya su manta. Ni na guje ta, na je na faɗa wadda ta fi ta.

Yanzu ga na uku, wanda saboda shi na ɗauki biro.

Lahadin ta zo. Shekarar ce soja suka miƙa mulki karo na farko, kamar yadda suka sake yi bana, kuma ko'ina ka zauna gardamar siyasa ake yi. Maza suka cika bencina suna musu kan wa zai gyara ƙasa, mata suna bakin ƙofa, Mamanki tana raba kunun zaƙi. Muka ɗora ƙyauren a kan tebur. Aka yi sa'a akwai wuta. Na fito da jirgin, musu ya tsaya cak, har Malam Garba ya gyara zaman hularsa ya matso. Kina sanye da rigar cocinki mai ruwan ɗorawa, kina tsalle kina cewa, "Baba, ni zan tuƙa! Ni zan tuƙa!"

Kowa ya ɗauka don ƙauna na ba ki makunnin. Ke ma haka kika ɗauka. Ba haka ba ne, Uwata. Hannuna ne ya ji tsoro. Na san abin da ke jira a kwanar taga, ban so a ce a hannuna ya faru ba. Na ɗora 'yan yatsunki a kai, na ce ki murɗa kaɗan. Kaɗan ɗin kika murɗa, daidai yadda na ce, ko ƙwayar gero ba ki ƙara ba. Jirgin ya tashi, ya wuce tashar kwalin sukari, mutane suka yi tafi. Ya iso kwanar, ya ɗaga ƙafa kamar jiya, ya kife, ya gangaro daga tebur ya daki siminti. Bututun hayaƙin ya yi gefe guda, sandar ƙafafun ta karye.

Sai na ji muryata tana cewa, "Kin gani ko? Kin fasa shi! Ban ce a hankali ba?"

Ba ki yi kuka ba, da ma kin yi. Hannuwanki kawai kika mayar baya kika ɓoye, kina kallon ƙasa. Malam Garba ya sunkuya ya ɗauki jirgin, ya juya shi, ya dubi kwanar, ya dube ni. Sai da na raka shi bakin titi zai hau kekensa ya ce, "Bitrus, laifi tudu ne." Bai ƙarasa karin maganar ba, ya bar mini sauran in ƙarasa da kaina. Har Allah ya karɓi ransa bai sake tayar da zancen ba, ni ma ban sake iya haɗa ido da shi sosai ba.

Na jingine ƙyauren a bayan kabad, na ce gobe zan gaya miki gaskiya. Gobe ta zama mako, mako ya zama shekara. Na riƙa ce wa kaina yarinya ce, ta manta. Amma ina gani da idona ba ki manta ba. Rediyo ma sai kin tambaya kafin ki taɓa. In baƙi sun zo aka ce ki kawo kofunan tangaran, sai ki ce ƙanwarki ta ɗauko. Mutane suna cewa, "Kai, Saratu akwai natsuwa," ni kuma ina karɓar yabon kamar ni na koya miki abin kirki. Ranar da takardar makarantar jinya ta zo, kin tuna abin da kika ce? Kika ce, "Baba, anya? Ni fa hannuna ɓarna gare shi." Na ce ki daina shirme ki shirya kayanki. Ko a ranar ban buɗe baki na faɗa miki gaskiya ba, kuma wannan shirun ya fi tsawar da na yi miki muni.

Jiya na kasa haƙuri na gaya wa Mamanki duka, ina tsammanin zan ba ta mamaki. Tana tsince shinkafa, ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "Ranar Asabar ɗin na dawo ɗaukar jakata, na gan ka ta taga kana tura shi yana hawa. Shekara ashirin ina jiran ka faɗa da bakinka, don in ni na faɗa mata, ba zai warkar da ita ba. Yarinyar nan jibi za ta tafi. In ba za ka iya magana ba, ai ka iya rubutu." Ta tashi ta ɗauko mini biro da takarda ta ajiye a gabana. Kin ga irin matar da na aura, ta fi Malam Garba iya birki.

To ga shi na faɗa. Ba ke kika fasa jirgin nan ba, Saratu. Ni na zaɓi wanda ya fi ƙarfin dogonmu, ni na gani na yi shiru, ni na sa hannunki a inda na ji tsoron sa nawa. Ko wa ya riƙe makunnin nan ran nan, sai jirgin ya faɗi. Hannunki ba shi da ɓarna. Hannun nan ne ya yi wata biyu yana wanke mini gyambon ƙafa bara, ban taɓa jin zafi ba. Marasa lafiyar da za su faɗo hannunki a can sun yi sa'a, ki taɓa su ba tare da fargaba ba. In wata rana kin yi kuskure na gaske, don kowa yana yi, ki ɗauki naki ki ce naki ne, kada ki waiga neman ƙaramin da za ki ɗora wa. Amma wanda ba naki ba kada ki karɓa, ko daga bakin wa ya fito, ko da daga bakin ubanki ne.

A al'adarmu ba a saba uba ya roƙi 'yarsa gafara ba. Amma sunan uwata gare ki, kuma ita ba na jin kunyar durƙusa mata. Ki gafarta mini, Uwata.

Saura abu ɗaya. In kin zazzage akwatin, a ƙasan zannuwanki za ki ga wani abu naɗe a cikin tsohon ɗankwalin Mamanki. Guntun dogo ne mai lanƙwasa. Yau da safe na jawo ƙyauren daga bayan kabad, na kakkaɓe shi, na cire ƙusoshin da kika miƙo mini da hannunki, na ɓalle kwanar taga. Ki tafi da ita shagon, ki ajiye a kan teburinsu, ki ce a ɗora jirgin a kai. Wanda ya bi ta lafiya shi ne namu, komai ƙanƙantarsa. Kada ki saye shi a matsayin madadin komai. Ki saye shi don yarinyar nan mai rigar ruwan ɗorawa ba ta gama tuƙinta ba.

A zamaninmu, da yake layi ɗaya ne, direba ba ya barin tasha sai an miƙa masa wani ƙarfe da muke kira sanda. Muddin sandar tana hannunsa, hanyar tasa ce shi kaɗai, ba a sakin wani jirgi a kanta sai ya isa ya miƙa ta. Guntun dogon nan shi ne sandarki. Zagayen da ke kan ƙyauren yanzu a buɗe yake, ba abin da zai bi ta kansa sai kin dawo da shi. Ba na ce ki yi gaggawa ba, ki zauna ki yi aikinki da kyau. Ni dai zan riƙa goge sauran dogon da tsumma kada ya yi tsatsa, in sake yi miki tasha, don ɓeraye sun cinye Kafanchan tuntuni.

Ubangiji ya tsare fitarki da shigarki. Ya haɗa ki da mutanen kirki, ya raba ki da sanyin da Mamanki ke tsoro, ya sa albarka a hannuwanki biyu. Ya kuma ara mini kwana in ga ranar da za ki shigo gidan nan da ɗan shantin a jaka. Ran nan zan gayyaci layinmu kaf, har da Emeka in ya yi alkawarin ba zai yi dariya da yawa ba. Ke za ki riƙe makunni. Ni kuwa zan tsaya a kwanar taga, in faɗa wa kowa da bakina wanda ya fasa na farko.

Naki har kullum,
Babanki, tsohon fayaman.